Saura Ƙiris Na Cika Hamsin

Wadi Halfa, farkon watan Mayu

Zuwa ga Ni'imat, Umm Tahani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kun isa Aswan lafiya, ke da 'yarmu Tahani da abin da ke cikinta. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kewa.

Abdulhafiz ne zai kawo miki wannan takarda, direban bas ɗin da ya tsallaka da ku. Ya ce duk mako yana zuwa yana dawowa, kuma takarda ba ta cin wurin zama. Tun da 'yan bindigar nan suka karɓe wayata a hanyarmu ta gudun yaƙi daga Bahri sai dai in ari ta mutane, ita kuwa wayar aro ba a faɗin abin da ke zuciya da ita, mai ita yana tsaye a kanka yana tari. Don haka ki yi haƙuri da rubutuna. Rabona da in rubuta miki wasiƙa tun ina neman aurenki, lokacin da yayanki yake fara karantawa kafin ya miƙa miki.

Ban ji daɗin yadda muka rabu a bakin iyaka ba. Kin dai ji abin da jami'in ya ce: mata da yara da tsofaffi su ne ke shiga Masar ba biza, namiji kuwa daga sha shida har ya cika hamsin sai ya koma Halfa ya nema. Na ce masa, "Ɗana, dubi furfurar nan." Ya ce, "Na gan ta, Hajj, amma fasfo ya ce arba'in da tara." Ke kuma kika riƙe jakata kika ce ba inda za ki. Da ban ɗaga miki murya ba da ba ki hau motar ba. Ban taɓa yi miki tsawa a gaban mutane ba sai ranar, ki yafe min. Cikin Tahani ya tsufa, kin kuma ga yadda asibitin garin nan ya cika har tsakar gida.

Garin ya yi wa mutane kaɗan. Masallatai da makarantu duk an shimfiɗa tabarmi. Ni Allah ya haɗa ni da wani dattijo ɗan garin, Ammu Salih, wanda ya yi aikin jirgin ruwa a tafkin nan har ya tsufa. Ya ji ina gaya wa mai shayi sana'ata, sai ya juyo ya ce, "Kai ne mai gyaran fanka? Tawa shekara biyu tana kuka kamar akuya." Na bi shi na gyara, ya ba ni gadon igiya a gindin darbejiyar tsakar gidansa. Allurar sugata tana cikin tsumma mai jiƙa a ƙarƙashin randarsa, kada ki damu.

Ga abin da nake neman shawararki a kai. Duk wanda ya miƙa fasfo a ofishin biza, fasfon ya zauna ke nan sai ranar da aka kira sunansa, kuma ba wanda ya san ranar. Ni kuwa tsakiyar watan Yuni zan cika hamsin. In na riƙe abina a aljihu, ranar da na cika sai in hau mota in shigo a sahun tsofaffi, kaina a sama. In na miƙa, wataƙila ranar ta zo ta wuce fasfon yana cikin kwabarsu. Wanne kika gani?

Ki shafa min kan Tahani. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Tajussir

Aswan, tsakiyar watan Mayu

Abu Tahani,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, ta sha gumi a aljihun Abdulhafiz amma ta karantu. Tsawar da ka yi min ban yafe ba tukuna, sai na gan ka.

Mun iso da wahala. A jirgin fito Tahani ta yi ta amai har na tsorata, amma yanzu ta warware. Muna gidan Su'ad 'yar ƙanwar mahaifiyata, ta ba mu ɗakin yaranta. Na kai Tahani wurin likita, ta ce ɗa ya kwanta daidai, haihuwa wajen Babbar Sallah in Allah ya so. Mijin Tahani, Mu'utasim, yana bugowa daga Jidda safe da yamma, tambayarsa ɗaya, ta ci abinci? Na ce masa in ya ƙara tambaya zan aika masa da tukunyar ya duba.

Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Mijin Su'ad ajinku ɗaya a makaranta, har ma ka girme shi, amma shi ya tsallako tun farko ba wanda ya tare shi, don takardarsa ta ce ɗaya ga Janairu aka haife shi, ya riga ya cika hamsin ke nan. Yayyena duka ɗaya ga Janairu. Rabin Sudan ɗaya ga Janairu. Sai kai kaɗai, Allah ya ji ƙan Hajj Babikir, akawun jirgin ƙasa na Atbara, sai da ya rubuta wa ɗansa rana da wata daidai. Da an ba shi wuri da ya rubuta ƙarfe nawa. Dubi inda tsantsenin mahaifinka ya kai mu.

Maganar fasfo, ka riƙe abinka. Na tambayi mutanen da ke isowa, akwai wanda ya miƙa tun makon farko na yaƙin har yau shiru. Yuni ba nisa. Tun da na san ka kana rage wa kanka shekaru in an tambaye ka, yau ga shi kana roƙon tsufa ya yi sauri.

Na ba Abdulhafiz allurarka a cikin gorar shayi da ƙanƙara, ka karɓa da zarar ya tsaya. Na haɗa masa da safa uku. Ka sa su, ka sa takalmi rufaffe, kada in ji kana yawo da silifa cikin ƙarafa. Ka san abin da likitanka ya ce game da ƙafar mai ciwon suga. Kuma shayin nan, na san ba idona, cokali nawa kake zubawa? Kada ka ba ni amsa, ƙarya za ka yi.

Ka gai da Ammu Salih, ka ce masa Allah ya saka da alheri. Ni ba na iya barci sosai, na saba da minsharinka.

Allah ya tsare min kai.

Ni'imat

Wadi Halfa, farkon watan Yuni

Ranki ya daɗe Umm Tahani,

Sallama da gaisuwa irin ta mai biyayya. Allura ta iso da sanyinta. Safa ma ta iso, amma Ni'imat, safa a zafin Halfa? Ranar da na fara sawa Ammu Salih ya dubi ƙafata ya ce, "Lafiya?" Na ce umarni ne daga Aswan. Ya ce, "To sa. Irin wannan umarnin ba a ɗaukaka ƙara a kansa."

Sunana ya zaga gari. Daga makarantar da mutanenmu ke kwana har masallacin kasuwa, babu fankar da ban buɗe cikinta ba. Wutar ce ba ta zama, amma da ta dawo sai ki ji ana cigiyar Usta Taj mai gyara, wato mijinki. Wasu su ba ni abin da suka samu, wasu su ba ni addu'a, wata tsohuwa daga Omdurman kuma ta ce in ba ni da mata tana da 'ya bazawara. Na ce ina da ita, kuma tana jin magana daga nesa.

Na yi aboki, Ustaz Khidir, malamin lissafi. Shekarunsa arba'in da 'yan kai, matarsa da 'ya'yansa uku suna Alƙahira. Ya miƙa fasfo tun kafin in zo, kullum da hantsi yana gaban tagar ofishin yana sauraron sunayen da ake kira. In mun haɗu wurin mai shayi sai ya ce, "Ga ango! Kowa yana gudun tsufa, kai kana jiransa kamar albashi." Na ce, "Ustaz, duba lissafinka ko akwai yadda za a matso da ranar." Ya ce, "Da akwai, da na ƙara wa kaina goma tun jiya." Yana dariya, amma idan ya yi shiru ba na son ganin fuskarsa.

Na riga na kama wuri a motar Abdulhafiz, kusa da taga. Ki tanadar min kisra, wainar nan tamu mai laushi, da miyar busasshiyar kuɓewa. Wake da burodi sun ishe ni, safe wake, dare wake, har na fara jin ƙamshinsa a jikin rigata. Ki gaya wa Tahani ta riƙe ɗan nan ya jira kakansa.

Shayi cokali ɗaya. Ki tambayi mai shayin in ba ki yarda ba, amma na riga na gyara mata rediyo.

Sai na zo. Allah ya bar mu tare.

Tsohonki mai jiran gado,
Tajussir

Aswan, ranar Lahadi

Abu Tahani,

Salamu alaikum. Na san labarin ya riga takardar nan isa wurinka. Jiya muna tsince shinkafa ni da Su'ad aka faɗa a talabijin: daga yanzu duk ɗan Sudan sai da biza, mace da namiji, jariri da tsoho. Su'ad ta ƙara murya muka jira aka maimaita. Na tura mijinta ya tambayo ko akwai sassauci ga wanda saura masa 'yan kwanaki. Da ya dawo ya tsaya cire takalmi a bakin ƙofa ya daɗe, tun daga nan na san amsar.

Ni na ce ka riƙe fasfon. Da ka miƙa tun farkon Mayu da yanzu ka yi nisa a layi. Yau kuwa za ka shiga a bayan kowa, ga mata da tsofaffi an ƙara muku. Tun jiya nake juya wannan a raina.

Na sayi kuɓewar. Farar jallabiyarka da na taho da ita a jakata na wanke na goge, na rataye a bayan ƙofa don ka sa ranar da ka iso. Tana nan, ban sauke ba.

Da zarar takardar nan ta same ka, ka je ka miƙa da sassafe. Ka rubuto min.

Ni'imat

Wadi Halfa, bayan tsakiyar Yuni

Ni'imat,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Da farko, ki daina wannan magana. Ba ke kika yi dokar ba, ba ke kika canza ta ba. Na tambaye ki shawara ne alhali na riga na yanke, so nake kawai in ji kin ce haka. In laifi ne namu ne tare, mu raba, ki ba ni babban rabo.

Na miƙa fasfon. Layin yanzu ya zagaye ofishin ya kai har bakin kasuwa, ga tsofaffi a kan kujerun guragu, ga mata da goyo. Ranar Alhamis na cika hamsin, a tsaye a cikin rana. Da na koma gida na tarar Ammu Salih ya sa 'yarsa ta soya kifin tafki. Ya ce, "Barka da shigowa cikinmu, ko da yake ka makara, an rufe rabon." Muka yi dariya har ya share hawaye.

Akwai maganar da ba zan ɓoye miki ba. Ustaz Khidir ya ja ni gefe jiya. Akwai masu ƙananan motocin ɗaukar kaya da ke bi ta cikin sahara, ba ta bakin iyaka ba, su sauke mutum kusa da Aswan. Ba fasfo, ba hatimi. Ya ce min, "Taj, na gaji. Autata ta daina gane muryata a waya, jiya ce mini ta yi wane ne. Zan tafi bayan Sallah, kuma akwai wuri ɗaya." Na ce masa hanyar tana cin mutane. Ya ce, "Layin ma yana ci, a hankali ne kawai."

Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba. Ni'imat, ina son in riƙe jikana yana ɗanye. Ina son in ga fuskarki ba a cikin kaina ba. Ki gaya min abin da kika gani, wannan karon da gaske nake tambaya.

Allah ya sauki Tahani lafiya.

Naki,
Tajussir

Aswan, daf da Sallah

Tajussir ɗan Babikir,

Na amsa sallamarka, kuma ka buɗe kunnenka. In ka hau motar nan, ko ka iso da ƙafarka ba zan buɗe maka ƙofa ba. A layinmu akwai wata mata da ta zo ta wannan hanya. Da igiya aka ɗaure su a bayan mota don kada su faɗo. Motar ta lalace, ruwa ya ƙare, mahaifinta ya cika a hannunta, suka tona yashi da hannu suka rufe shi. Har yau ba ta san inda kabarin yake ba. Shi lafiyayye ne ma. Kai da allurarka ba ta jure rana, ina za ka? Kuma in ka iso ba hatimi, sai ka zauna a ɗaki kamar ɓarawo, ranar da aka kama ka a mayar da kai, a rufe maka ƙofar gaba ɗaya. Na aure ka ne don in tsufa da kai, ba don in riƙa nuna wa jikoki hotonka ba. Ka ce wa Ustaz Khidir ina tausaya masa, amma ya nemi wani.

Nan na tsaya da rubutu shekaranjiya, don naƙuda ta taso.

Abu Tahani, ka zama kaka. Namiji ne, jajibirin Sallah ya zo, ana ta kabbara a masallacin kusa da asibitin. Tahani ta sha wuya amma ta sauka lafiya, ita da shi ƙalau. Mijin Su'ad ne ya yi masa kiran salla a kunne, ni kuwa na raɗa masa a ɗaya kunnen cewa kakansa yana hanya. Kunnuwan naka ne sak, manya a buɗe, Allah ya sa ya fi ka jin magana da su.

Tahani da Mu'utasim sun ce sunanka za su sa masa, amma sai ka yarda. Ga ta nan ta karɓi biro.

Baba, ina gaishe ka. Ya yi kama da kai har na yi kuka. Don Allah ka ji maganar Mama, za mu jira ka ko zuwa yaushe ne. 'Yarka Tahani.

Ka gani. Mu biyu ne yanzu, ga na uku yana tasowa. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana muna wuri ɗaya.

Ni'imat

Wadi Halfa, farkon watan Yuli

Zuwa ga sabuwar kaka,

Salamu alaikum, barka, barka, barka! Abdulhafiz bai ma bari na buɗe takardar ba. Tun motar ba ta gama tsayawa ba ya leƙo ta taga yana ihu, "Usta Taj, namiji ne!" Duk tashar ta ɗauka. Na sayi dabino na bi layin biza ina rabawa, mutanen da ban taɓa gani ba suna rungume ni. Wata mata ta yi guɗa a gaban tagar ofishin har aka leƙo daga ciki.

Na ari waya na gaya wa Mu'utasim cewa Tajussir ɗaya ya ishe ki wahala. A sa masa Babikir. Ki tabbata kuma an rubuta masa rana da wata daidai, kada tsohon ya ji haushi a kabarinsa.

Ban hau motar Ustaz Khidir ba. Ba saharar na ji tsoro ba, ƙofarki na ji tsoro. Ustaz Khidir ya tafi, mun yi kwanaki ba labari, sai jiya ya aiko cewa ya isa da rai, leɓunansa duk sun tsage. Na yi masa murna, na kuma rasa abokin shan shayi.

Ki yi haƙuri takardar gajeriya ce, zafin nan yana sa ni kasala. Wani ɗan ƙarfe ya soke ni a ƙafa a makaranta, ba wani abu ba ne, na wanke na ɗaure.

Ki sumbaci kunnuwan nan a madadina. Allah ya raya mana shi.

Kakan Babikir

Aswan, ƙarshen watan Yuli

Abu Tahani,

Salamu alaikum. Wannan ce takarda ta uku da na aiko ba amsa. Na tambaye ka ƙafar nan, shiru. Na tambaye ka ko da silifa kake lokacin da ƙarfen ya soke ka, shiru.

Na tare Abdulhafiz a tasha. Ya ce, "Yana nan lafiya, Hajja, aiki ne ya yi masa yawa." Yana faɗa yana duban tayar motarsa. Na ce ya dube ni ya maimaita, sai ya ce ana kiransa.

In ka bi saharar ne bayan ka ce ba za ka bi ba, wani ya gaya min. In fushi kake don na yi maka faɗa, ka rubuto ka zage ni, zan karanta da murna. Babikir ya fara bin mutum da ido. Ni kuwa kowace mota ta tsaya a ƙofar gida sai na fito na duba.

Don girman Allah, ko layi ɗaya.

Ni'imat

Wadi Halfa, farkon watan Agusta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata mai daraja, Hajja Ni'imat, iyalin baƙona Usta Tajussir.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan haka, ina miƙa gaisuwa gare ki da 'yarki da jaririn da Allah ya ba ku, Allah ya sanya shi cikin salihai. Ni ne Salih, wanda mijinki yake zaune a gidansa. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma na san ki, domin ba a shan shayi a gidan nan ba a ambace ki ba.

Ki kwantar da hankalinki, mijinki yana raye kuma yana samun sauƙi. Bai bi sahara ba. Ciwon ƙafar nan ne ya ci gaba. Ya ɓoye mana, yana ɗaure shi da tsumma yana zuwa layi kowace safiya don kada a kira sunansa ba ya nan. Wata rana da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a gaban ofishin, mutane suka ɗauko shi a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Likita ya ce ciwon ya kai ƙashi, aka cire masa ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Ya yi kwanaki cikin zazzaɓi yana kiran sunanki. Yanzu zazzaɓin ya sauka, ya dawo gida, na mayar da shi ɗakina.

Abin da ya dame ni shi ne ciwon yana jinkirin rufewa, kuma ba ya cin abinci. 'Yar cikina tana dafawa, sai ya taɓa ya ture. Ya daina zolayata, wannan ya fi komai tayar min da hankali. Maganar layi kuwa kada ki damu, mutanen makarantar da ya gyara wa fankoki sun raba kwanaki a tsakaninsu, kullum akwai mai tsaya masa a gaban taga.

Ya sa direban ya rantse ba zai gaya miki ba. Ni ban rantse ba. Na zauna da matata shekara arba'in kafin Allah ya karɓe ta, kuma da wani ya ɓoye min irin wannan game da ita, da ban yafe masa ba.

Ba cewa nake ki zo ba. Na san dokar yanzu, wanda ya fito ba ya komawa sai da biza. Haƙƙinki ne ki sani, shi ya sa na rubuta. Gidana gidanku ne a kowane hali.

Wassalam. Mahaifinki a Musulunci,
Salih Uthman

Wadi Halfa, ranar Juma'a

Ni'imat, hasken idona,

Salamu alaikum. Sai da motar Abdulhafiz ta tashi da takardarsa sannan Ammu Salih ya gaya min abin da ya aikata. Tun daga lokacin ba na yi masa magana, shayinsa kawai nake karɓa.

Ki yafe min shirun. Zazzaɓi ya karkata min rubutu a lokacin, kuma na san ko layi ɗaya kika gani za ki gane. Yatsa ɗaya ne, ƙaramin, wanda da ma ba ya aikin komai sai karo da ƙafar gado. Saura tara, sun ishe ni zuwa Aswan. Eh, da silifa nake. Ki ajiye faɗan sai na zo, kada ki ɓata shi a takarda.

Yanzu ki saurare ni, don na san abin da ke ranki. Kada ki zo. Ranar da aka buga miki hatimin fita, kin zama irina, sai ki shiga layi a bayan dubban mutane. Nan ba ruwan sanyi, ba wuta, ba magani sai an yi sa'a. Tahani ba ta gama warwarewa ba, Babikir yana bukatar kakarsa. Da ƙyar na tsallakar da ku, shi ne abu ɗaya da na yi daidai tun da yaƙin nan ya fara. Kada ki warware min shi. Zan ci abinci, na yi alkawari, ko wake ne.

Ina roƙonki, ba umarni nake ba ki ba, na san inda umarnina yake tsayawa.

Mijinki mai ƙaunarki,
Tajussir

Aswan, tsakiyar watan Agusta

Abu Tahani,

Wa alaikumus salam. Na karanta roƙonka har sau biyu, ya yi kyau.

Tahani ta yi arba'in. Uwar mijinta ta zo daga Alƙahira za ta tafi da su, mace ce mai hankali, na yarda da hannunta. Tahani da kanta ta haɗa min jaka. Na sayi magani da bandeji da allurar da za ta kai mu wani lokaci.

Na je na tambayi dokar da bakina, an yi min bayani, na gane. In sunanka ya riga fitowa ka jira ni, in nawa ya riga in jira ka. Na ga yadda wannan ɓangaren yake ba kai, ya ishe ni.

Zan shigo motar Abdulhafiz ta mako mai zuwa. Kada ka zo tasha da ƙafar nan, zan tambayi gidan. Kuma ka yi wa Ammu Salih magana kafin in iso, ba zan sauka a gidan da ake gaba ba.

Sai na zo, in Allah ya so.

Matarka,
Ni'imat